Hazim Ba Ya Cin Wake

Farwaniyya, Kuwait
10 ga Disamba, 1994

Zuwa ga Yaya Samiha,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki Ustaz Abdussattar. Ina fata ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi, kuma kin daina hawa bene da kwandon wanki kamar wata yarinya. Ni lafiyata lau, ban da tarin da sanyin ofis ke sa ni. Aikin makaranta yana nan yadda kika sani.

'Yata Rasha ta rubuto mini cewa ƙungiyar ma'aikatan masaƙa ta shirya muku tafiyar kwana huɗu a jirgin ruwa daga Luksor zuwa Aswan a hutun tsakiyar shekara, kuma za ku tafi da ita da ƙanenta Hazim. Ba zan ɓoye miki ba, ban so ba. Shekara ɗaya da wata biyu ke nan da rasuwar ƙanenki Ra'afat, ban ga abin da zai kai marayu yawon kallon duwatsun Fir'auna ba. Amma tun ranar da makaranta ta mayar da ni masaukin ma'aikata mata, inda ba a yarda da yara ba, na kawo miki su, ikonsu ya koma hannunki. Na yarda, bisa sharaɗi biyu.

Rasha ba za ta hau saman jirgi ba sai tare da ke. Na ji akwai wurin wanka a can inda Turawa ke shanya jikinsu babu kunya. Saurayinta Midhat da iyayensa suna cikin tafiyar, kuma uwar saurayi ba hutu take zuwa yi ba, kallo take zuwa yi.

Na biyu shi ne babba. Hazim ba ya cin waken ful. Ba dafaffe ba, ba soyayye a ƙosan ta'amiya ba, ba markaɗaɗɗe ba, ba ɗanye ba. Kada wani ya ce masa ɗanɗana kawai. Na san a jirgi tukunyar ful ce ke tsakiyar tebur kowace safiya, kowa na ɗiba da kansa. A ba shi ƙwai, da cuku, da burodi. Rasha ta san abin da yake ci, a bar mata. Haka na rene shi, haka nake so a bar shi, kuma ba sai na yi dogon bayani ba.

Matar ƙanenki,
Afaf

Farwaniyya
10 ga Disamba, 1994

Rasha,

Ina fata kina lafiya, kina sallah a kan lokaci. Wannan ta kwalejinku na aiko ta, ba ta gida ba. Ki karanta ki yaga.

Shekararki goma sha uku lokacin da Hazim ya ci wake a gidan maƙwabta yana ɗan shekara biyu, saboda haka ba sai na tuna miki kwanakin asibiti ba. Amma zan maimaita miki maganar likita, don yaran yanzu ba ku riƙe magana. Wake farfasa masa jini yake yi. Ba nan take ba, sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Zai yi fari, idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya koma kamar shayi. In kin ga haka, asibiti, ba jira, ba shawara da kowa.

Ya kuma ce ta wajen uwa ake gadon abin, kuma 'ya mace na iya ɗauke da shi lafiyarta ƙalau, ta ba 'ya'yanta maza. Shi ya sa ni da babanki muka rufe maganar, saboda ke. Goggonki Samiha mutuniyar kirki ce, amma abin da ta ji da safe, kafin azahar yana bakin mai sayar da tumatir. Hajja Insaf kuwa, uwar Midhat, ke shaida ce ta fasa nema wa babban ɗanta yarinya don kawai uban yarinyar yana i'ina. Me kike tsammani za ta yi in ta ji kalmar jini?

Saboda haka aikinki a jirgin nan ɗaya ne. Ke za ki zuba masa abinci, kowane ci. Ki duba cokalin da aka ɗebi wake da shi, kada a mayar da shi cikin ƙwai. Kada ya ci abin da aka soya a man ta'amiya. Kada ya karɓi komai a hannun masu tallan bakin ruwa. In an tambaye ki, ki ce ba ya so. Ba ƙarya ba ce, tunda na koya masa ƙinsa.

Kwana huɗu ne. Wadda take son a kira ta matar aure baɗi, ta iya tsaron faranti ɗaya na kwana huɗu.

Mahaifiyarki

Mahalla
23 ga Disamba, 1994

Ummu Hazim,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi, yaran kuma ƙalau. Hazim ya ci gwajin lissafi, ya faɗi na rubutu.

Wasiƙarki ta iso, na karanta sau biyu, na ba Abdussattar ya karanta ko ni ce ban gane ba. Ya cire tabarau ya ce, "A bar ɗan Kuwait ya ci ƙwansa. Mu 'yan Mahalla ma ci abin da ya gina mu."

Afaf, wata huɗu ina haɗiye maganar nan, yau zan furzar. Kullum da safe ina ɗora ful a tebur, 'yarki na shiga ɗakin girkina tana soya wa ƙanenta ƙwai daban, a kaskon da ta ware, kamar tukwanena suna da ƙazanta. Yanzu kuma takarda ta zo daga Kuwait da doka, wai ba sai kin yi bayani ba. Ai na gane bayanin. Ful abincin talaka ne, ɗanki kuma ɗan mai karɓar dinari ne. To ki sani da ful na rene ubansa. Ni na goya Ra'afat, ni nake tsayawa layi da kwano tun asuba in sayo mana. Da shi ya yi karatu har ya ga dama ya aure ki.

Kina ɓata yaron nan. Shekara takwas, in ya ga ta'amiya a hannun abokansa sai ya ja baya kamar ya ga kunama. Yara har sun sa masa suna Basha, wai mai jin kansa basarake. Ran nan ya dawo yana kuka, na ce masa, "Ka ci loma ɗaya a gabansu su bar ka." Ya ce Mama ta hana.

Duk da haka ɗanki ne. Ba zan sa masa wake a baki ba. Amma a jirgi, gaban Hajja Insaf, in aka ce yaron nan raina abincin mutane yake yi, kada ki ce ban faɗa miki ba. Kuma maganar saman jirgi, na aurar da 'ya'ya mata biyu ba wanda ya koya mini tsaronsu.

Samiha

Tanta
27 ga Disamba, 1994

Mama,

Ina gaishe ki. Yaya tarin? Ki riƙa sa rigar sanyi a ofis. Mu lafiya lau.

Na karanta, na yaga kamar yadda kika ce. Mama, ina neman izini ɗaya. Ki bar ni in gaya wa Goggo.

A gida ina iyawa, don ni nake shiga ɗakin girki. A jirgi ba ni da ɗakin girki. Wata ƙawata da ta yi irin tafiyar ta ce mutum sama da ɗari ke ci a lokaci ɗaya, kuma in ana so a kula da yaro sai an gaya wa shugaban masu hidima tun ranar farko, ya rubuta, ya sanar da mai dafa abinci. Ta yaya zan gaya masa in ce kada Goggo ta ji, alhali tebur ɗaya aka ba mu da iyayen Midhat? Kuma kowace safiya ana sauka kallon wurare. Hajja Insaf ta riga ta ce ni zan riƙe mata hannu saboda ƙafarta. Ba zan iya riƙe hannu biyu ba.

Goggo tana jin haushinki, tana ganin raini ne. In ta san gaskiya za ta tsare shi fiye da ni. In kuma maganar ta kai ga Midhat, to ta kai. Ni na gaji da ɓoyo. Shi ma Hazim jiya ya tambaye ni ko wake haramun ne.

Za mu hau jirgin ƙasa zuwa Luksor ranar ashirin da ɗaya ga Janairu. Ki ba ni amsa kafin nan.

'Yarki,
Rasha

Farwaniyya
6 ga Janairu, 1995

Rasha,

Lafiyata lau. Na ba mijin wata abokiyar aikina wannan, gobe zai sauka Alƙahira, jibi tana hannunki.

Amsa ita ce a'a.

"In ta kai ga Midhat, to ta kai." Wa ya koya miki irin wannan magana? Ke marainiya ce, uwarki tana ƙasar wasu tana buga takardu don ki gama karatu. Kin samu ɗan mutunci mai aiki, za ki wurgar da shi don kin gaji. Kin san gajiya kuwa? Shekara shida ina tsaron bakin yaron nan ban yi kuskure sau ɗaya ba, ban kuma je ina neman wanda zai taya ni ba. In maganar ta fita ba Midhat kaɗai za ki rasa ba. Mahalla ba ta mantuwa. Duk wanda ya zo bayansa, za a ja uwarsa gefe a raɗa mata.

Bayan ɗaurin aure, in kin haihu, ki kai jaririn a gwada shi a asirce kamar yadda masu hankali ke yi. Kafin nan bakinki a rufe. Goggonki ta yi mini alkawari a rubuce ba za ta sa masa wake a baki ba, kuma duk surutunta ba ta saɓa alkawari. Wannan ya isa. In za ki sauka da Hajja Insaf, ki tafi da shi. Ki sa biskit da dabino a jakarki.

Kada ki sake tayar mini da wannan magana.

Mahaifiyarki

Farwaniyya
14 ga Janairu, 1995

Yaya Samiha,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na ga wasiƙarki, na jinkirta amsa don ban so in amsa cikin fushi.

Shekaranjiya wani uba ya kawo takardar 'yarsa ofis, ya bar gurbin lafiya babu komai, alhali yarinyar tana da farfaɗiya. Na tsayar da shi gaban mutane na ce masa amana aka ba mu, ta yaya za mu tsare abin da aka ɓoye mana? Ya sunkuyar da kai ya cika. Da ya fita na zauna na kasa buga ko harafi ɗaya.

Yaya, ba raini ba ne. Wallahi da ful aka rene ni ni ma. Hazim yana da ciwon jini, wake na iya kashe shi, ko ruwan da aka dafa waken a ciki. Daga wajena ya gado. Ina da ƙane, Nabil, ban taɓa gaya miki labarinsa ba. Shekararsa bakwai ya bi yara gonar wake a ƙauyenmu, ya ci ɗanye, kwana uku muka binne shi. Dangin babana suka ce jinin uwata ne, ta mutu da wannan kalma a kanta. Ban so a ɗora wa Rasha ita ba.

Ki gaya wa masu jirgi tun ranar farko. Ki sa su rubuta. Ki roƙe su su yi shiru, in ba su yi ba, Allah ya san niyyata. Na yi tunanin kiran wayar mai kantin magani na ƙasan gidanku, amma kin san duk layin ke saurare. Na tambaya a gidan waya, sun ce mako ɗaya za ta iso. Kuna da kwana bakwai, in sha Allahu za ta riske ku.

Ki yafe mini kalmomin waccan wasiƙar.

Afaf

Aswan
29 ga Janairu, 1995

Mama,

Hazim yana da rai. Na fara da wannan don kada ki tsallake layi. Muna asibiti a Aswan, yau kwana biyar. An ƙara masa jini leda uku.

Rana ta farko na yi duk abin da kika ce. Na zuba masa da hannuna, na duba cokula, har wani mai hidima ya tambaye ni ko ni ma'aikaciyar lafiya ce aka turo bincike. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi.

Rana ta biyu ya tashi da ciwon ciki, iskar ruwa ta buge shi. Jirgi ya tsaya Edfu, kekunan doki suna jira, Hajja Insaf ta riga ta kama hannuna. Na ce zan zauna. Goggo ta ce in tafi, gwiwarta ma ba za ta iya ba, ita za ta zauna da shi. Na bar masa biskit na ce kada ya ci komai. Awa biyu da rabi muka yi. Na dawo na same shi yana zaune yana wasa da kati, ya ce ya ji sauƙi.

Sai a teburin rana Goggo ta faɗa, tana murna. Ta sauka wajen mai dafa abinci ta roƙe shi ya yi masa romon tsiron wake, irin wanda ake ba kowane marar lafiya, da lemon tsami. Ta sa aka tace, ta sake tacewa da kanta, ko ƙwaya ɗaya ba ta bari ba, saboda alkawarin da ta yi miki. Ta ce masa romon kaza ne. Ya sha kofi biyu. Ta dafa kansa ta ce, "Ga Basha ya sha abin talakawa, ga shi ya miƙe. Ku rubuta wa Kuwait."

Mama, na ji. Cokali na hannuna. Hajja Insaf tana gefena tana ɓare mini lemo. Na dubi Hazim, kumatunsa ja, yana dariya. Na ce a raina ruwa ne kawai, wataƙila ba komai. Na tuna wasiƙarki. Ban ce komai ba. Yini guda da kwana ban ce komai ba.

Washegari da hantsi ya kira ni banɗaki ya nuna mini. Kamar shayi. Idonsa kamar an shafa gwaiduwa. Na fito tsakiyar ɗakin cin abinci na faɗa da ƙarfi, gaban kowa, duk abin da kika hana. Babu likita a jirgin. Muka jira ya kai Kom Ombo, Midhat ya ɗauke shi a kafaɗa ya samo mota. A hanya ya daina amsa sunansa.

Likitan ya tambayi yaushe ya sha, na faɗa. Ya tambayi yaushe na sani, na faɗa. Ya dube ni. Daga baya ya tara mu a baranda ya yi bayanin gadon, Hajja Insaf tana tsaye. Ya ce ƙodarsa ta taɓu, sai nan da wasu watanni za a san ko za ta koma daidai.

Midhat ya ba da leda ɗaya. Jiya suka koma Mahalla shi da iyayensa. Uwarsa ta sumbace ni ta ce Allah ya ba shi lafiya, ba ta ƙara komai ba.

Goggo ba ta ci abinci ba tun ranar. Tana zaune a ƙasa bakin ƙofar ɗakin, ta ƙi shiga.

Rasha

Mahalla
14 ga Fabrairu, 1995

Afaf,

Muna gida, kwana shida ke nan. Ana kai shi gwaji duk ranar Lahadi. Barka da shan ruwa.

Da muka dawo na samu wasiƙarki a ƙarƙashin ƙofa. Tambarin gidan waya na Mahalla ya nuna ranar ashirin da uku, ranar da nake tsaye gaban mai dafa abinci ina ce masa ya ƙara lemon tsami. Rasha ta gaya mini akwai wata da kika aiko ta hannun mutum, ta iso cikin kwana biyu. Ashe kin san hanyar sauri.

Kin ce in yafe miki kalmomi. Ba kalmomi ba ne, Afaf. Kin ba ni yaro kin ɓoye mini inda mutuwarsa take, kin bar ni na ɗauko ta da hannuna na hura masa don kada ta ƙona masa baki. Kin ce ni mai surutu ce. Gaskiya ne. Da na sani, da duk Mahalla ta sani, da babu mai miƙa masa ko ƙwaya.

Azumi ya shigo, karo na farko a rayuwata ban ɗora tukunyar ful ba. Amma yaron ba ya cin abin da na dafa. In na ajiye masa kwano sai ya tambaya me ke ciki. In na faɗa, sai ya ce, "Kin rantse, Goggo?" In na rantse, sai ya jira Rasha. Ran da ta kwana Tanta, burodi busasshe ya ci. Ya rame, wandonsa har zamewa yake yi.

Gidan su Midhat sun aiko da faranti na alewa. Ba su yi maganar rana ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Samiha

Farwaniyya
6 ga Maris, 1995

Rasha,

Barka da Sallah. Ina fata kuna lafiya. Ni dai ga ni nan.

Wannan ce ta huɗu tun wasiƙarki ta Aswan. Ban ga amsa ba. 'Ya ba ta barin uwarta ba labari har Sallah ta wuce, ko me uwar ta yi. Na rubuta wannan layin na so in goge, na bar shi, don kin san ni.

Na nemi izini sau uku. Shugaba ta ce ba mai tafiya kafin jarrabawar ƙarshen shekara, wanda ya tafi ya tafi ke nan. Na tsaya gabanta da takardar ajiye aiki a jakata, na tuna gwajin ranar Lahadi da wanda zai riƙa biya, na fito da ita yadda na shiga. Sai Yuni.

Na kira kantin magani jiya. Na ce a kira mini ke, aka ce ba kya nan. Na ce a kira Hazim. Na ji takunsa a bene, na ji an ce masa ga Mama. Ya ɗauka, ya ce, "Mama, ke kin san abin da ke jikina?" Na ce na sani. Ya ce, "Tun yaushe?" Layin bai yanke ba, Rasha. Ni ce na kasa.

Yinin da kika yi shiru a jirgi ba naki ba ne. Ni na rubuta shi, ke karantawa kawai kika yi. In likita ya sake kallonki, ki ce masa haka.

Na ɗauki alƙalami da niyyar jera miki yadda za a yi da shi ya koma cin abinci, kamar yadda na saba. Na yi awa guda a kan takardar, ban samu na ɗaya ba. Ban san yadda ake yi ba.

Ba sai kin gaishe ni ba. Ba sai kin gaya mini maganar Midhat ba. Ki rubuto mini abin da ya ci yau kawai, ko layi ɗaya ne.

Mahaifiyarki